Zoben da Ya Ƙi Fita

"Wayyo... ka bari, Mai Atamfa, za ka tsinke mini yatsa!"

"Yi haƙuri, Lubana. Bari in ƙara sabulu."

"Ba zai fita ba. Tun jiya nake fama da shi..."

Ina bakin ƙofa, ko sallama ban ƙarasa ba. Luba na zaune a gefen gado, mijinta Hamidu ya durƙusa a gabanta da ɗan kwanon ruwa, yana murza zoben azurfar da ya sa mata ranar da ta tare. Zoben ya nutse cikin nama.

Ta ɗago ta dube ni.



Wannan ba fuskar yarinyar da na goya ba ce. Ido ya shige, kumatu sun tashi, ƙafa kuwa kamar an hura salka. Na tsuguna na danna ƙaurinta da babban yatsana. Na ɗauke hannu, ramin ya zauna.

"Kanki na ciwo?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake, Luba!"

"Kaɗan, Goggo... wani lokaci kuma ina ganin wuta-wuta a idona."

Sai ga murya daga bayana.

"A'a, Ramatu, likita kika zama? Kumburin ƙafa ai alamar ɗa namiji ne. Haka na yi da Hamidu."

Hajiya Kaltumi ke nan, uwar mijinta.

Ku 'yan mata, ku zauna ku ji. Ni ce Ramatu, ƙanwar Isa mahauci, a Lopere nake, cikin Garuwa. Ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, ban iya yi wa magana ado ba, kuma na tsufa da tsoron idon mutane. Uwar Luba, matar Isa, ta rasu wurin haihuwarta. Ta kumbura, ta yi ta jijjiga tana taune harshe, aka ce iska ce. Ni na wanke ta, ni na ɗauki jaririyar. Daga baya maƙwabciyata Berthe, ungozoma ce a asibiti, ta ce mini ba iska ba ce, hawan jini ne, su suna ce masa tansiyo. Ta ce da an ɗaura mata abin awo a damtse, an duba fitsarinta tun ciki na ƙarami, da an gani, da an tare shi.

Abin ɗaurawa a hannu! Shi ke nan fa!

Tun ranar na rantse, Luba ba za ta bi uwarta ta wannan hanyar ba.

Yadda suka haɗu da Hamidu, labu ne sila. Yayana Isa yana yin kilishi, ni nake daka masa labu, tunkuza da yaji da kayan ƙamshi, Luba ta kai masa rumfa a kasuwa. Shagon atamfar su Hamidu yana tsallaken layi. Yaro ya fara sayen kilishi kullum, kullum, har Isa ya ce da shi, "Ɗan Alhaji, kai kaɗai kake cinye wannan, ko kura kake kiwo?"

Rannan Hamidu ya tare ta a hanya. Ita ta ba ni labari tana rufe fuska.

"Mai Kilishi, ki ji tausayina. Haƙorana sun gaji."

"Wa ya aike ka?"

"Zuciya."

"To ka ce wa zuciyar ta sayi goro, ya fi arha."

"Goro ba ya zuwa da ke a bayansa."

"Kai dai Mai Atamfa... ka san 'yar waye ni?"

"Na sani. Na kuma san matar waye za ki zama."

Ya so ta, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. In ta yi dariya sai ya manta da mai ciniki a tsaye. Ita kuma in ta ji ƙarar babur ɗinsa a kan layinmu, taɓarya sai ta kuɓuce mata.

Amma gidansu gidan fatake ne, masu ji da cewa kakanninsu da ayari suka zo daga Kano. Hajiya Kaltumi ta ce ɗanta ba zai kwaso mata jinin mahauta ba. Tana da 'yar ƙanenta a gida, Aisatu, wadda ta yi lakkwal, tana sheƙa Faransanci ta hanci, ita aka ajiye masa. Hamidu ya ce in ba Luba ba, zai tattara ya koma Yagwa ya yi noman shinkafa, kada su ƙara ganinsa. Ubansa ya tsorata, aka ɗaura aure.

Aka ɗaura, amma Hajiya ba ta taɓa furta sunan Luba ba.

"Yarinyar nan."

"'Yar mahautan nan."

Iyakarta ke nan.

To, ranar zoben, ba ziyara ta kai ni ba. Ciki ya shiga wata bakwai, kuma kowa ya san al'ada: haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Na zo ɗaukar 'yata.

"Hajiya, na zo tafiya da Luba."

"Ina?"

"Gida. Goyon ciki."

Ta ja gefen mayafi ta rufe hanci, kamar na shigo da mayanka a zanena.

"Jikana ba zai buɗe ido cikin ƙarnin jini da ƙudaje ba. Nan za ta haihu."

"Al'ada fa?"

"Al'ada ta masu gidan da za a je ce."

Na haɗiye. Wallahi na haɗiye, saboda ba mutuncina na zo nema ba.

"Na ji. To a kai ta awo. Yau."

"Awo? Cikin fari?" Ta tafa hannu. "Yarinyar da ya kamata ta ɓoye abin da take ɗauke da shi, ita za ta je ta baje wa ƙattai ciki? A gidanku ba a koyar da kunya?"

Kun gani? Al'adar da za ta mayar mini da 'yata, ta taka ta da ƙafa. Al'adar da za ta rufe wa 'yata baki, ita ta ɗauka ta rungume.

Na juya kan Hamidu. Yana tsaye da sabulu a hannu, kansa a ƙasa.

"Kai ba ka da baki?"

"Goggo... zan lallaɓa Hajiya. Ki ba ni lokaci."

Ya lallaɓa ta kuwa. Bayan kwanaki ta yarda, da sharaɗin ba babban asibiti ba, inda za a gan su. Wani ɗan ɗakin magani na kuɗi, a bayan kasuwa. Kuma Aisatu ce za ta raka ta, tunda ita ke jin yaren likitoci.

Na tare Luba kafin su fita, na kama kunnenta.

"Ki ce a ɗaura miki abin hannu. Ki ce a duba fitsari. Ki faɗi ciwon kai, ki faɗi wutar da kike gani. Kin ji ni?"

"Na ji, Goggo."

Da la'asar na koma.

"An ɗaura?"

Ta kawar da kai.

"Luba, an ɗaura?"

"Goggo... bai tambaye ni komai ba. Da Aisatu suka yi ta magana suna dariya. Ya leƙo ƙafata daga inda yake zaune, ya ce se normal, madam, wai ba komai. Ya ba ni maganin zazzaɓi."

"Ke kin buɗe baki?"

"Na fara... sai Aisatu ta taka mini ƙafa, ta ce kada in ba su kunya, likita ya san aikinsa."

"Jikin likita ne ko naki?"

Ta fashe da kuka.

Aisatu na tsakar gida tana sa lalle. Na tsaya a kanta.

"Me kika gaya masa?"

"Abin da ke akwai. Na ce ciki ne da shagwaɓa." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Goggo, ku fa ba ku san asibiti ba. Ba a koya wa likita aiki."

Ban ce ta so Luba ta mutu ba. Allah ne ya san zuciya. Amma na ga yadda take kallon ƙofar ɗakin nan, kallon mai auna inda za ta jera kwanukanta.

Shi kuma wancan mai farar riga, abin awon yana rataye a ƙusa bayan kansa. Luba ta gan shi da idonta. Miƙa hannu kawai!

Shekarar rufe gari ce. Waɗanda suka girma sun tuna: 'yan siyasa su ce kowa ya zauna gida, kasuwa a kulle, ba mota ba babur, samari na ƙona taya a mararraba, sai ƙarshen mako a ɗan buɗe. Na taka da ƙafa har unguwarsu Fulɓere na sami Hamidu a zaure.

"Ka ɗauke ta ka kai ta wurin Berthe."

"Goggo, ai an kai ta. Likita ya ce ba komai."

"Likitan bai taɓa ta ba!"

"Hajiya za ta ce na raina ta... A bari Asabar, in an buɗe gari. Na yi miki alkawari."

"Hamidu, ka ce za ka bar garin nan saboda ita. Yanzu tsallaka titi ya gagare ka?"

Idonsa ya kawo ruwa.

"Asabar, Goggo."

Ba a kai Asabar ba.

Ranar Alhamis da hantsi, zafin Garuwa na dukan ƙasa, na shiga gidan na tarar da mata cike a rumfa, ƙawayen Hajiya, tunda ba kasuwa kowa ya zo hira. An dama wa Luba kunun kanwa, wai ya rage kumburi. An turara mata hayaƙi, wai ko iska ce.

Sai labule ya ɗaga.

Luba ce, dafe da bango, ba ɗankwali. Yarinyar da ko tari ba ta yi a gaban surukarta.

"Hajiya..."

Matan suka juyo gaba ɗaya.

"Ciki ne da ni."

"Subhanallahi!" in ji wata tsohuwa. "A gaban uwar miji?"

"Ciki ne da ni, wata takwas! Kaina zai tsage! Ba na ganin fuskokinku, inuwa kawai nake gani! Uwata haka ta mutu, ni ba na so in mutu! Ku kai ni asibiti!"

"Ke yarinyar nan, koma ɗaki! Kin tsiraita mu!"

"Ba zan koma ba!" Ta ɗaga murya har zaure. "Hamidu! Hamidu!"

Ranar ta fara kiran sunansa a bainar jama'a.

Ya shigo a guje ba takalmi. Ta miƙa hannu tana lalube, ba ta gan shi ba, yana gabanta.

"Ina kake, masoyina?"

"Ga ni, Lubana, ga ni..."

"In kana sona, yau ne. Ba Asabar ba."

Hajiya ta miƙe. "Hamidu, in ka fita da ita a haka, tsirara-tsirara, gari na kallo..."

"Hajiya, ki gafarce ni."

Ya sungume ta.

Amma da me? Babur ba mai, ko da akwai ba ta iya zama. Titi fayau, ba taksi ko ɗaya. Na ruga Lopere, ban san ina da sauran gudu ba. Isa ya fito da pus-pus, keken turawar da yake ɗauko nama da shi daga mayanka, muka watsa masa ruwa, na shimfiɗa zanena, muka turo shi har ƙofar gidan su Hamidu.

A cikinsa muka kwantar da ita.

Ɗan fatake, jikan masu ayari, shi ya kama hannun keken mahauta yana turawa tsakiyar rana, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa. Samarin da suka tare hanya da taya suka ga abin da ke ciki, da kansu suka janye, wasu suka kama masa turi.

"Mai Kilishi, ki yi mini magana! Kada ki yi shiru!"

"Ina jin ka..."

"Mun kusa. Kin ji? Mun kusa, farin cikina."

"Ƙafarka... ba takalmi..."

Ita ke mutuwa, ƙafarsa take tunawa!

Muna hango ƙofar asibiti jijjiga ta kama ta. Irin ta uwarta sak. Na cusa mata gefen mayafina a baki, ina kiran sunan Allah, ina kiran sunanta.

Berthe ce ta tarbe mu. Kafin a ce komai ta ɗaura abin nan a damtsen Luba, ta matsa, ta matsa, ta duba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ramatu... ina kuka kasance duk watannin nan?"

Na nuna Hamidu da baki. 

Ko minti biyu awon bai ɗauka ba. Abin da na yi ta roƙo ke nan.

Suka yi iyakar yinsu, wannan na shaida. Suka yanke zoben da ɗan almakashin ƙarfe, suka shiga da ita, suka ciro yarinya mace, 'yar mitsitsiya, tana kuka kamar kyanwa. Luba ta farfaɗo washegari da safe. Ina gefe, Hamidu na riƙe da hannunta.

"Mai Atamfa..."

"Na'am, rayuwata."

"Me na samu?"

"Mace. Kamarku ɗaya."

"Hajiya ta ce namiji..." Ta ɗan yi murmushi. Ta shafa yatsanta. "Zobena fa?"

"Yana wurina. Zan kai a gyara."

"Kada ka gyara. Ka bar shi haka... ka riƙa gani."

"Ki yafe mini, Luba. Da na ji maganar Goggo..."

"Ni ma da na yi magana tun a ɗakin likitan nan. Kunya na ji." Ta numfasa. "Ka ba Goggo ita. Kuma kada ku koya mata irin kunyata."

Kafin azahar ta cika.

Wurin zaman makoki mata suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Na san kwana na ƙarewa, ni Musulma ce, ba wanda zai koya mini. Amma wanda ya rubuta kwana shi ya ba mutum ƙafar zuwa asibiti da bakin tambaya. Na ji Hajiya na gaya wa baƙi wai iskar gidan mahauta ce ta biyo yarinyar, gado ne daga uwarta.

Na miƙe a tsakiyar rumfa.

"Hajiya Kaltumi, ba iska ba ce. Hawan jini ne, kuma ana ganinsa, ana tare shi. Ke kika hana. Ban yafe ba, sai ranar da kika tako gidana, kika kira sunanta, kika faɗi abin da ya kashe ta a gaban mata, yadda kika yi mata ƙarya a gaban mata!"

Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Aka janye ni.

Na je wancan ɗakin maganin kuma, na tsaya a ƙofa na faɗi abin da ya yi, da Hausa, da Fulatanci, duk wanda ke layi ya ji. Ya sa aka kore ni. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri! Ba wanda ya ce da su su ba da haƙurin.

Ranar suna Hamidu ya sa wa yarinya Luba. Da hannunsa ya kawo mini ita Lopere. Jikar da aka ce ba za ta buɗe ido cikin ƙarnin jini ba, a nan ta yi rarrafe, a gindin turmin labu ta yi haƙori. Ba a yi arba'in ba aka fara yi masa maganar Aisatu. Ya ce, "Hajiya, duk abin da kika ce zan yi, ban da wannan." Aisatu ta gaji da jira ta auri wani ma'aikacin auduga suka tafi Poli. Shi bai ƙara aure ba. Yankakken zoben yana wuyansa a zare, har yau.

Kada ku ce abin sha'awa ne. Na ga 'yan mata na cewa, kai, wannan so! So ne, ban musa ba. Amma da ya tura keken nan wata guda kafin ranar, da yanzu mata yake da ita, ba guntun azurfa ba.

Luba Ƙarama ta girma, ta yi aure. Da Salla takan je gaida kakarta, ban taɓa hanawa ba. Hajiya "Ƙarama" take ce mata, don kada sunan ya fita bakinta.

Bana ciwo ya kwantar da Hajiya, ta fara aike neman gafara wurin mutane. Ta aiko mini da goro, na mayar. Ta aiko liman, na ce sharaɗina yana nan. Shekaranjiya da safe sai ga mota a ƙofar gidana. Hamidu ya fito da ita, furfura ta rufe shi, ita kuma ta zama kamar kara. Matan layinmu suka firfito.

Ta tsaya a bakin zaure. Hannunta ya tafi ga mayafi zai rufe hanci, sai ta tuna, ta sauke.

"Ramatu, na zo. Ki yafe mini."

"Me kika yi mini?"

"Abin da ya wuce... kwanan yarinyar nan ne ya ƙare."

"Wace yarinya?"

Ta dubi matan layinmu.

"Hajiya, wace yarinya? Suna gare ta!"

"Goggo, don Allah..." in ji Hamidu.

"Kai yi mini shiru! Ka yi shiru lokacin da ake son maganarka, yanzu ma ka yi!"

Sai ga takun ƙafa daga cikin gida. Luba Ƙarama ce, ta dawo wurina goyon ciki, mayafi a kafaɗa, ciki a gaba. Ta durƙusa ta gaida kakarta.

"Ƙarama... ina za ki da rana haka?"

"Awo, Hajiya. Ciki ne da ni, na fari. Kowane wata nake zuwa. Wancan karon sun so su sallame ni ba su ɗaura mini abin hannu ba, na zauna na ce ba inda za ni sai an ɗaura." Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa. "Kuma sunana Luba. Baba, mu je, kada layi ya yi tsawo."

Hamidu ya dubi uwarsa a tsaye a rana. Ya dubi 'yarsa.

Ya buɗe wa Luba ƙofar mota.

Na sa aka kawo wa Hajiya kujera da ruwa, ni ba azzaluma ba ce. Ta zauna a zaurena, cikin ƙamshin labu da ƙudajen da take ƙyama, tana jiran su dawo su ɗauke ta. Na zauna ina fuskantarta.

Har suka dawo ba ta faɗa ba.

Ni ma ban yafe ba.

Kujerar tana nan a zaure, ban sa an ɗauke ba.